Mai Basilla da Aninin da Aka Hana Shi

Kafin motar farko ta tsaya a bakin iyaka, shi ya riga ya iso. Yakan jingine kekensa a bayan rumfar duba kaya, ya kwance robar da ya ɗaure ƙafar wandonsa, ya kaɗe hularsa a gwiwa, sannan ya ɗauki tsintsiya. Akwai wanda aka ɗauka don shara, amma shi ya ce ba zai sauke kayan mutane a ƙasar da ba shi ya share ba. In ya gama sai ya wanke hannu da sabulu kamar mai shirin karɓar haihuwa, ya zura yatsu a aljihun gaban rigarsa, ya fiddo abin da ya ba shi suna: basilla, doguwar allurar ɗinkin buhu, wadda hannu ya goge har tana sheƙi, da ƙullin zarenta.

Abokan aikinsa kowa da wuƙarsa. In buhu ya zo su farke masa ciki, su leƙa, su ce a wuce, mai kaya ya bi ƙasa yana tsintar abin da ya zube. Shi kuwa sai ya durƙusa, ya lalubo inda ɗinki ya fara, ya warware, ya duba abin da zai duba, ya mayar ya ɗinke fiye da yadda ya same shi. Direbobi sun yi ta ƙorafin yana cinye musu rana. Amma ranar da kayan na direba ne shi kansa, ko na surukarsa, layin wannan mutumin yake bi.

Mai Basilla ke nan, ma'aikacin kwastan, wanda ya yi ritaya a watan da ya wuce. Shi na zo yi wa jinjina, kuma da faɗa na zo, gara kowa ya sani tun yanzu. Ni ban yi boko ba, matar ɗana ce ke riƙe da alƙalami, na kuma gaya mata in ta sassauta mini kalma ɗaya zan kai wani gida a karanta mini in kama ta. Faɗan kuwa ga shi. Mutumin nan ya bar aiki da anini ɗaya tak a kafaɗa, waɗanda ya koya wa aiki sun wuce shi har yana sara musu, kuma ranar liyafar masu ritaya ba a kira shi an yaba masa ba. Dalili, wai akwai takardar gargaɗi a fayil ɗinsa. Saboda mu aka ba shi ita. Ina so a cire ta, kuma sai na faɗi yadda aka yi.

Mu mata ne masu shiɓar ulu. Makiyaya su yi wa tumaki aski, su kawo mana gashin a buhuna, da maiƙonsa da ƙayarsa da kashinsa da warinsa. Mu tsince, mu wanke, mu shanya, mu ɗan shafa masa mai don kada ya kakkarye, sannan mu zauna da alluna biyu masu haƙoran waya muna ja, muna ja, har gashin da ya zo a cukurkuɗe ya kwanta ya yi laushi kamar gajimare, ya fita a naɗe. Wannan ita ce shiɓa. Macen da ta daɗe tana yi, ka dubi wuyan hannunta, ka saurari tarinta, za ka gane ta. Wani kamfanin saƙa ne a ƙetaren iyaka yake sayen abin da muka shiɓa, shi kaɗai, kuma da shi tukunyar gidaje da yawa take hawa wuta.

Ni da can a ganina gashin tunkiya gashin tunkiya ne. Ashe a wurin kwastan ba haka ba ne. Kowane kaya da ajinsa, kowane aji da lambarsa, kuma ajin da aka sa kayanka shi zai faɗi abin da za a yi da su. Ɗanyen gashi daban, shiɓaɓɓe daban, sharar da ke zubowa ƙarƙashin allo daban, in kuwa ya zama zare to an shiga wani gidan. Mai Basilla ne ya koya mana wannan, a tsaye a gindin mota, yana nuna mana da yatsa. Ya ce mutumin da ke can ƙetare bai san harshenmu ba, mu ma ba mu san nasa ba, amma in ya ga lambar ya san abin da ke cikin buhu tun bai buɗe ba. Ya ce shi ya sa lambar take da nauyi, alkawari ce tsakanin mutanen da ba su taɓa ganin juna ba.

Inda abin yake da zafi shi ne, ɗanyen gashi yana iya ɗauke da cutar dabbobi. Don haka na can ba sa karɓarsa sai an yi masa feshin magani a nan, an kulle shi a sito ya daɗe. Shiɓaɓɓe kuwa ya sha wanki, wucewa yake yi. Kuma ba abin da shiɓaɓɓen ulu ya tsana kamar ruwa. In ya jiƙe a danne cikin buhu, sai ya dunƙule ya yi tauri kamar tafin takalmi, ba allon da zai sake buɗe shi har abada.

Kada wani ya ɗauka irin masu kirkin nan nake yabo, masu cewa “wuce kawai, Allah ya kiyaye hanya.” Direbanmu shaida ne. Ya ce wata rana wani ɗan kasuwa mai ƙamshi da zobba ya zo da mota shaƙe da buhuna, takardarsa ta ce shiɓaɓɓe. Da kansa ya buɗe bakin buhu yana murmushi, ga ulu fari sol. Mai Basilla ya shafa, ya yaba, ya ce madalla da wannan aiki, sannan ya sa aka kifar da buhun ya warware shi ta gindi. Direbanmu ya ce warin da ya taso sai da mai shayi ya rufe tukunyarsa. Mutumin ya rage murya ya ce ko za su ɗan yi magana a gefe. Mai Basilla ya ce masa ai gefen ma na gwamnati ne. Ya ɗinke masa buhunsa tsaf, ya tura motar sito. Tun daga nan kowa ya san halinsa: ta gindi yake fara buhu, don bakin buhu kowa ya iya yi masa kwalliya.

To, shekarar da abin ya faru, ruwan sama ya yi yawa, shanya ta yi mana wuya, muka makara. Kamfanin ya aiko cewa in kaya ba su iso ba kafin mako ya fita za su koma wa wasu. Muka ɗaure ɗamara, yara da jikoki suka haƙura da tuwon sanyi, aiki ya kammala. Sai mai kawo mana sababbin buhuna ya fara mana gobe, jibi, gata. Mu kuwa a wurinmu ba a yar da buhu mai rai. Ga buhunan da ɗanyen gashi ya zo a ciki jibge a bayan ɗaki. Muka kaɗe su, muka juya su ciki ya koma waje, don kada ulunmu ya taɓa ɓangaren maiƙo. Ƙanwata, wadda tsabtarta ta hana kowa sakat tun muna yara, ta ce duk da haka sai an naɗe ulun a farin yadi kafin a zura. Muka yi mata mita, muka naɗe. Har gobe ina cewa dabara ce mai kyau. Abin da ba mu sa a lissafi ba shi ne, wanda ya ɓoye wa ulu datti ta wannan hanyar, duniya ya nuna wa.

Ni da ƙanwata muka bi motar. Tun kafin direba ya kashe inji, wata ƙaramar mace mai tabarau da farar riga ta fito daga ofis tana ɗaga hanci. Likitar dabbobi ce, ita ke da ikon feshi. Ta zagaya motar, ta ciro ƙaya daga jikin buhu, ta ciro abin da ya fi ƙaya, ta sa aka shafa wa motar jan fenti aka shigar da ita rumfa. Ta ce ɗanyen gashi ne, a sauke, a yi feshi kafin yaranta su tashi da yamma.

Na yi tsalle na dire. Ban bar kowa ba, har kakan wanda ya ƙera injin feshin sai da na taɓa. Ita kuwa ko gezau. Da na tsaya jan numfashi ta miƙo mini abin da ta ciro a tafin hannunta, ta ce, “Iya, hancina da idona aka ɗauka aiki. Wannan a jikin buhunki na same shi, ba daga gida na zo da shi ba.”

Gaskiya ta faɗa, shi ya sa na ƙara ƙarfin murya.

Sai ga Mai Basilla yana goge hannu. Ya gaishe ni kamar mun haɗu a gidan suna, ya ce in bari ya yi aikinsa, in ya gama sai in ci gaba daga inda na tsaya, zagin ba inda za shi. Ya sa aka sauko da buhu ɗaya bakin ƙofar rumfa, ya kifar, ya warware ta gindi. Sai ga farin yadi. Ya dubi ƙanwata, ta sunkuyar da kai kamar amarya. Ya buɗe yadin da yatsa biyu, ya zaro naɗi ɗaya, ya ɗaga shi a haske, ya ja shi a hankali yana kallon yadda silin ke rabuwa, ya shinshina, sannan ya miƙa wa Likita. Ita ma ta shinshina, ta murza, ta ce ba musu, wannan ya sha wanki ya sha allo. Amma ta ce buhun ba zai ƙetare ba ko da sama za ta faɗo, kuma ita ba ta san yadda ake fesa buhu a bar abin da ke cikinsa a bushe ba.

Na dubi motar, na ga wuyan hannun mata, na ga tukwane.

Mai Basilla ya daɗe yana kallon buhun. Can ya ce a ganinsa kaya biyu ne a nan, ba ɗaya ba. Akwai ulu, ajinsa shiɓaɓɓe, shi zai sa hannu a kai. Akwai kuma buhuna, waɗannan na Likita ne, ta fesa su ta ƙone su in ta ga dama. A raba su kawai, a sake wa ulun riga. Likita ta ce in za a yi a gaban idonta kafin yamma, ta yarda. Direba ya ce ya san shagon da ke sayar da sababbin buhuna a cikin gari, ya fita da gudu, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Saura abu ɗaya. Motar da aka shafa wa jan fenti ba ta fita daga rumfa, kuma dokar wurin ta ce wanda ba ma'aikaci ba ba ya shiga. ’Yan dakon rumfa kuwa hannunsu ya saba da siminti da taya, in suka damƙi naɗin ulu sun gama da shi. Sai mu, mu da muka san yadda ake tallafarsa kamar jariri. Ogan wurin ya tafi taro, aka yi ta buga masa waya tana ƙara ba a ɗauka. Mataimakinsa ya ce shi bai ji ba, bai gani ba, ciwon kai ma yake yi, ya shige ofis ya ja ƙofa.

Ina kallon Mai Basilla. Ya cire hula, ya sosa ƙeya, ya dubi ƙofar da aka ja, ya dubi rana. Ya san abin da yake yi, daga baya na gane ya san har abin da zai biyo baya. Ya mayar da hularsa ya daidaita ta, ya je ya zare sakata.

“Ku shigo,” in ji shi. “Amma kowa ta wanke hannu.”

Ƙanwata ta buga waya gida, mata suka cika motar haya suka zo, wasu da goyo, wata da ludayi a hannu don ta manta ta ajiye. Mai Basilla ya sake share rumfar, ya shimfiɗa tamfol. Shi yana warwarewa, mu muna ɗagawa, sabon buhu yana karɓa, shi kuma ya dawo ya ɗinke. Likita ta tsaya tana duba agogo tana shan mur. Da aiki ya yi nisa sai na waiga na gan ta ta rataye farar rigar, ta riƙe wa wata tsohuwa bakin buhu, ulu ya maƙale mata a tabarau tana ta atishawa. Ƙanwata ta ce wa Mai Basilla da ta san shi da wuri da ba ta yi ta kai wa tela kayanta yana ɓatawa ba. Wata ta tambaye shi ko matarsa ta san yana da wannan hannun, don in ta sani ita ce ta fi kowa hutawa a garin nan. Ya yi ta murmushi da zare a baki.

Abin da ya ƙona mini rai, rana tana gudu shi kuwa ba buhun da ya tsallake. Kowanne sai ya kifar, ya buɗe ta gindi, ya zaro, ya ɗaga a haske. Na ce masa ya ga ɗaya ya ga biyu ya ga goma, duk hannunmu ne, me kuma yake nema? Ya cire zaren daga baki ya ce, “Iya, in na rubuta shiɓaɓɓe, wani da ban taɓa gani ba zai yarda da ni ya buɗe ƙofar ƙasarsu. Ba na sa hannu a kan buhun da ban gani ba.”

Sai kuwa ya samo ɗaya. Yadin ya yage a hanya, ulun ya manne da jikin buhu, maiƙo ya kama shi. Ya ja shi gefe ya ce wannan na feshi ne. Na duba ɗinkin bakin, nawa ne. Na ce a yanke wurin da ya taɓa a wuce da sauran, ya ce a'a. Na roƙe shi, na tuna masa na girme shi, na koma zagin da ya ce ba inda za shi, ya ce a'a, yana ɗinka na gaba. Ina ji ina gani aka fesa buhun nawa, ya koma abin da ko kare ba zai kwanta a kai ba. Ban yafe wannan buhun ba har yau, ya sani, duk haɗuwarmu sai na tuna masa. Amma sauran motar ta ƙetare kafin a rufe ƙofa, tsofaffin buhunan suka ci wuta, kamfanin kuma har yanzu mu yake saya wa. ’Yan matan da ke goye a bayan iyayensu ran nan, yau wasu suna makaranta, wasu sun karɓi allunan shiɓa.

Da muka dawo da kaya na gaba ba mu gan shi a rumfa ba. Muka same shi can ƙofar baya, inda motocin da suka sauke kaya ke fita fanko. Ya ce an ce ya huta ne. Muka yarda, ƙanwata har barka ta yi masa, ta ce ga shi ya samu inuwa. Shekara da shekaru muna wucewa muna ɗaga masa hannu. Direbanmu ya ce a can ma bai canza ba: ya iso kafin kowa, ya share, ya wanke hannu, ya sa basilla a aljihu, ya tsaya yana leƙa motocin da ba komai a cikinsu. Daga can ɗin ma bai bar mu ba. Shi ya ce mu riƙa barin ’yar taga a gindin buhu, mai igiya, yadda mai dubawa zai zura hannu ba sai ya zaro wuƙa ba. Yanzu har masu shiɓar wasu garuruwa haka suke yi, ba su ma san daga ina abin ya fito ba.

Matarsa ce ta fasa ƙwan. Mace mai kunya, ko sunansa ba ta faɗa. Washegarin liyafar ta zo inda muke aiki wai tana neman sharar ulu ta cusa matashi. Ta zauna, ta karɓi ruwa, ta kasa sha. Ta ce ta ci kwalliya ta je, ta zauna a layin gaba, ana ta kira ana tafi ana miƙa takardar yabo, har aka fara naɗe kujeru. Shi kuwa yana gefenta yana tafa wa kowa. Sannan ta ba mu labarin duka. Oga ya dawo daga taro ya ji mata sun cika rumfa har da goyo, ya rubuta masa gargaɗi, ya tura shi ƙofar baya. Duk lokacin ƙarin girma sai a buɗe fayil a ga takardar a rufe. Ta ce ya hana ta gaya mana, wai kada mu ji nauyi.

Nauyi? Ni wuta na ji. Ban ko kaɗe ulun jikina ba na nufi ofishinsu. Tsohon ogan ya daɗe da tafiya da aninansa da takardar yabonsa. Sabon yaro ne mai ladabi, ya ba ni kujera, ya sa aka kawo mini lemo, ya saurare ni har ƙarshe yana “haka ne, Iya, haka ne.” Da na gama ya ce a rubuto. Na ce ga ni a gabanka da bakina, ga ulu a kaina, me takarda za ta faɗa maka da ban faɗa ba? Ya ce haka tsarin yake, a rubuto. To, yarona, ga shi na rubuto. Na kuma sa a inda kowa zai karanta, don kada a ce ta ɓace a hanya.

Daga can na biya wurin Likita. Ta yi furfura, tabarau ya ƙara kauri, hancin dai yana nan, don tun daga ƙofa ta ce ta ji masu ulu sun iso. Ta ce ko silin gashi bai ɓace a rumfar ba ran nan, ba cutar da ta ƙetare, kuma da an tambaye ta tun a lokacin da ta faɗa, ba wanda ya tambaya. Ta ce duk ranar da muka shirya ta shirya.

Mu dai ba mu jira su ba. Ƙanwata ta kaɗa zare daga ulunmu mafi kyau, ta saƙa wa Mai Basilla rigar sanyi, ta ɗinka mata anini a kafaɗa. Na ce biyu sun isa, ta ce ba daga aljihun gwamnati suke fitowa ba, ta jera su tun daga kafaɗa har sai da suka kai wuya. Muka same shi a ƙofar gida yana ɗinke wa maƙwabci buhun gawayi. Ya tashi ya wanke hannu kafin ya karɓa. Ina kallo, wallahi, sai ya kifar da rigar ya fara dubawa ta gindi. Ya ɗaga ta a haske, ya ce wannan ta bar ajin shiɓaɓɓe, ta wuce ajin zare, ta zama tufa, lambarta daban, kuma da a bakin iyaka ne sai ya tambayi ƙanwata wa ya ba ta izinin ƙara wa mutum girma. Matarsa ta yi dariya har sai da ta share ido da bakin mayafi. Ya sa rigar, a tsakiyar rana, gumi yana zuba, ya ƙi cirewa.

Da na gaya masa na je ofis sai murmushin ya ragu. Ya ce, “Iya, ki bar shi. Dokar tana nan, ni na karya ta, na kuma sani. In aka sake, haka zan sake yi. Takarda ce kawai.”

Na ce masa in takarda ce kawai, me ya sa matarsa ta kasa shan ruwa? Ya sake ɗaukar basillarsa. Na ce faɗan ba nasa ba ne, ya ci gaba da ɗinkinsa.

Don haka, Mai Basilla, ka yi haƙuri, yau ba a nemi izininka ba. Kai ne ka ɗauki buhun talaka kamar kayan da ke da mai shi. Kai ne ka ƙi wa mai zobba, ka ƙi mini ni ma, da murya iri ɗaya. Kai ne ka ga ulu daban buhu daban a ranar da kowa wari kawai yake ji, ka zare sakata da hannunka, ka biya kai kaɗai, ka kuma bar mu muna yi maka barka da samun inuwa. Mai ɗinke abin da ya buɗe, mun gode. Matan allo sun gode, tukwanensu sun gode. Allah ya ba ka lafiyar cin hutunka, ya sa ’ya’yanka su riƙe ka yadda ka riƙe kayan mutane. Buhun nan nawa dai yana nan a raina, amma wannan tsakaninmu ne.

Ku kuma na ofis, ku ji da kyau. An yi dokar nan don kada a saci kaya, kada cuta ta ƙetare. Ba a sata ba, ba ta ƙetare ba, ga Likita ku tambaye ta. Ku cire takardar daga fayil ɗinsa, ku ba shi aninin da ya tsaya, ku kira shi a gaban jama'a, matarsa tana layin gaba. In kun yi, ni da kaina zan zo in yi guɗa. In ba ku yi ba, za mu zo da allunanmu da tabarminmu mu zauna a bakin ƙofarku mu yi shiɓa. Ba zagi, ba jifa, aikinmu kawai za mu yi, iska kuma ta yi nata. Ku tambayi Likita yadda ulu yake a hanci.

Sauran ku masu kaki da ke tsaye a rumfa yau, ba na ce ku karya doka ba, shi ma ba zai so in ce ba. Cewa na yi ku duba abin da kuke sa wa hannu, ku tuna kowane buhu wuyan hannun wata ne. Direbanmu ya ce ranar ƙarshe Mai Basilla ya baro ƙofar baya, ya shiga tsohuwar rumfarsa, ya rataye basillar da zarenta a ƙusa kusa da famfo, ya hau kekensa. Ya ce har jiya tana nan, ba wanda ya taɓa ta. Ba don ado ya bar ta ba. Wani a cikinku ya ajiye wuƙa, ya wanke hannu, ya ɗauka. In bai san yadda ake yi ba, ta gindi ake farawa.